Jegon da Yaya Ba Ta Tunawa

A Kano, idan mutum ya fara sakin zance marar kan gado, abokansa kan ce za su kai shi Dawanau. A Omdurman kuwa, Tijani al-Mahi ake cewa za a kai ka. Yara na faɗa a wajen wasa, masu tuƙa raksha na jefa wa juna in wani ya yi tuƙin ganganci, kuma da yawan masu faɗar ba su damu da sanin ko wane ne mai sunan ba. Ni ma na yi dariyar wannan ba'a tun zuwana Sudan a 2009, lokacin da na shiga Jami'ar Ahfad ta mata don karatun ilimin halayyar ɗan Adam. A 2011 ne sunan ya daina ba kowa dariya a gidanmu.

In na ce gidanmu, gidan Gwaggo nake nufi, a unguwar Umbadda da ke yammacin Omdurman. Mahaifinta ƙanen kakana ne. Ya bar Zariya a ƙasa da niyyar aikin Hajji tun kafin Najeriya ta sami 'yancin kai, ya yi noman auduga a Jazira don ya tara guzuri, ya sauke farali, a hanyar dawowa kuma aure ya tsayar da shi. Irinsu suna da yawa, daga Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu har Gadarif da Kassala, kuma mutanen ƙasar sun haɗa su duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, suna ce musu Fallata. A gidan Gwaggo ana cin kisra da rana, a ci tuwo da dare. Hausarsu ta sha Larabci, amma Hausa ce. Can nake hutun ƙarshen mako, kuma babbar 'yarta, wadda nake kira Yaya, ita ta koya mini ɗaura laffaya da cinikin kasuwar Omdurman ba tare da an gane ni baƙuwa ce ba.

Yaya ta haifi ɗanta na fari a watan Yuni na 2011, ana tsakiyar zafi da guguwar habub. Aka yi suna, aka yanka rago, Gwaggo ta tsare ta da wankan jego da kunun kanwa kamar a Tudun Wada muke, maƙwabta kuma suka kawo itacen turaren tsugunno irin nasu. Kwanaki kaɗan bayan suna barci ya ƙaurace mata. Da farko mun ɗauka kukan jariri ne ke hana ta. Sai ta fara cewa nononta guba ne, kada a bari yaron ya sha. Ta ce ta aikata zunubin da ba a yafewa, mu duka wuta za ta ci mu saboda ita. Daga nan maganar ta yi ta raguwa har ta ɗauke gaba ɗaya. Tana zaune a bakin gadon igiya, ido a buɗe, ba ta kallon kowa. In ka ɗaga mata hannu ka saki, nan zai tsaya a sama har sai ka sauke mata. Yawu ya taru a bakinta ba ta haɗiyewa. Abinci ta bari, daga baya ta bar ruwa.

Kowa ya kawo nasa bayanin. Surukarta ta ce kambun baka ne, don ranar suna an yaba kyan yaron ba a ce tubarkalla ba. Wata maƙwabciya ta ja Gwaggo gefe ta ce iskokin zar ne, akwai wata shaiha da ta san su, a saya musu turare da zane su sauka. Kawu, mijin Gwaggo, ya ce ba za a kaɗa masa ganga a gida ba. Aka kira faki, wato malami, ya yi tofi, ya rubuta allo aka wanke, amma rubutun ma a gefen bakinta yake zubewa. Ni da nake aji biyu a jami'a na gane alamomin daga littafi, na faɗa, sai dai maganar yarinya baƙuwa ba ta da nauyi a ɗakin mai jego. Ranar da na ambaci asibitin ƙwaƙwalwa, surukar ta dube ni ta ce: "Ke, 'yar nan, so kike a ce jikana ɗan mahaukaciya ne?"

Daga ƙarshe aka ɗauki mota aka kai ta wani masid a wajen gari. Masid tsangaya ce da zawiya a haɗe, inda ake karatun allo, ake ciyar da baƙi, ake kuma karɓar masu taɓin hankali. Mun isa da almuru, almajirai sun kewaye ƙiskali suna karatu. A ƙarƙashin wata bishiya na ga maza zaune da mari a ƙafa, wani na ta lissafi da yatsu, wani ya kifa kai a gwiwa. Jikina ya yi sanyi, don na ɗauka nan za a bar Yaya. Halifan wurin, dattijo ne siriri, ya sa aka shigar da ita, ya yi mata addu'a, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya tambayi Gwaggo yaushe rabonta da shan ruwa. Da ya ji amsa sai ya ce da mijinta, cikin Larabci: "Ɗana, wannan ba ta zama a nan ba ce. Ku kai ta wurin likita yau, kada ku kwana. Addu'a tana kanmu, za mu yi." Ya ba da rubutu a gora ya ce a shafa mata in ba ta iya sha.

Abin da na kasa yi da littafina, dattijon ya yi shi da magana uku. Daga baya na fahimci cewa wannan hali yana da tushe a ƙasar. Tijani al-Mahi, wanda aka haifa a garin Kawa da ke bakin Farin Nilu a 1911, ya gama makarantar likitanci ta Kitchener a Khartum a 1935, ya tafi Landan ya ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa, ya dawo da shaidarsa a 1949 a matsayin ɗan Sudan na farko a wannan fanni. Ya buɗe ɗakin shan magani na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Bahri. Bai ɗauki shehunai da masu zar a matsayin abokan gaba ba. Ya zauna da su, ya yi nazarin aikinsu, domin ya san mara lafiya wurinsu yake fara zuwa. Wanda ya gaje shi, Taha Ba'ashar, ya ci gaba da wannan hulɗa da masidai irin na Umm Dubban a gabashin Khartum. A daidai wannan zamani, a 1954, Thomas Adeoye Lambo ya fara irin wannan gwaji a ƙauyukan Aro da ke Abeokuta. Tijani ya rasu a 1970, aka sa wa asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman sunansa, littattafai da rubuce-rubucen hannu da ya tara kuma aka ajiye su a Jami'ar Khartum. Mutumin da ya yi wannan aiki shi ne yau yara ke tsokanar juna da sunansa.

Saboda tsoron wannan suna ne ma dangin mijin suka ƙi a kai ta can. Aka sami wani likitan ƙwaƙwalwa mai ganin marasa lafiya da yamma a hayin kogi, shi ya kwantar da ita a wani asibiti a Khartum. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗebi jini, aka duba ko zazzaɓin haihuwa ne ko wani ciwo na jiki ya taɓa ƙwaƙwalwar. Likitan ya ce ciwo ne sananne da ke kama mace ɗaya ko biyu cikin kowace 1,000 da suka haihu, nata kuma ya kai matakin sanƙarewa. Aka gwada allurar kwantar da hankali. Takan ɗan saki jiki, ta motsa leɓe, bayan 'yan sa'o'i ta koma yadda take. Ni ce mai jinya da dare, tunda Gwaggo na gida da jariri da gwangwanin madara.

Wata safiya likitan ya tara mu, Gwaggo da Kawu da mijin da ni, ya ce yana so a fara mata jalsat kahraba, wato zaman lantarki.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wuta, likita? A kan 'yata? Me ta yi?"

"Ya Hajja," in ji shi, "ba horo ba ne. Ƙwayoyin da muke da su sai sun yi makonni kafin su fara aiki, ita kuma ko haɗiya ba ta yi. Wanda ya kwanta haka ba motsi, jini na iya daskarewa a ƙafarsa, ƙoda na iya gazawa. Ba mu da makonnin."

Ban ga laifin Gwaggo ba. Abin da ta sani game da wannan magani daga finafinan Masar ta san shi, inda ake danne mutum yana ihu, kamar yadda wani fim na Amurka na 1975, One Flew Over the Cuckoo's Nest, ya cusa wa Turawa tsoronsa. Kawu kuwa da idonsa ya taɓa gani. Ya ce tun yana saurayi ya raka wani abokin aikinsa, ƙarti suka riƙe shi ido biyu, aka sa masa tsumma a baki, jikinsa ya banƙare har gadon na ƙara. Likitan bai musa ba. Ya ce haka ake yi a da, kuma har yanzu akwai inda ake yin haka, amma shi ba ya yi sai da likita mai sa barci a tsaye. Ya lissafa abin da zai iya biyo baya: ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, ruɗewa na ɗan lokaci, da mantuwa. Ya ce akan yi sau biyu ko uku a mako, yawanci zama 6 zuwa 12. Mijin Yaya, tela ne a Suk Libya, ya riƙe biro ya kasa sa hannu. Ya dubi Kawu ya ce: "Baba, ku ne iyayenta." Kawu ya yi shiru, can ya ce: "Halifa ya ce a bi likita. Sa hannu, Allah ya sa a dace." Awarwaron zinaren aurenta aka sayar aka biya.

Da yake ni ɗaliba ce a fannin, likitan ya yarda in tsaya a lungun ɗakin a ɗaya daga cikin zaman. Zan faɗi abin da na gani dalla-dalla, domin yawancin masu tsoron abin ba su taɓa gani ba. Tun tsakar dare ba a ba ta komai ta baki ba. Aka kwantar da ita, aka cire mata 'yan kunne, aka manna wayoyin auna bugun zuciya, aka sa abin auna iska a yatsa. Mai sa barci ya tura allura ta jijiya, kafin a ƙirga ashirin ta yi barci. Ya ɗaura abin awon jini a ƙafarta ɗaya ya hura shi sosai, sannan ya tura allura ta biyu mai sakin tsokar jiki. Ɗaurin na hana wannan allurar isa tafin ƙafar, don a ga jijjigar a nan. Ya rufe mata hanci da baki da robar iska yana matsa jaka da hannu, aka sa roba tsakanin haƙoranta. Likitan ya shafa wani ruwa mai kauri a gefen goshinta biyu, ya ɗora ƙarafa biyu masu faɗin bakin kofin shayi, ya ce kowa ya janye hannu, ya danna. Na'urar ta yi ƙara ta 'yan sakanni. Fuskarta ta yamutse, muƙamuƙinta ya ɗaure. Sai yatsun ƙafar da aka ɗaure suka fara karkarwa a jere, sauran jikin na kwance lakwas. Nas tana kallon agogo. Bai kai minti ɗaya ba karkarwar ta tsaya. Mai sa barci ya ci gaba da matsa jaka har numfashinta ya dawo da kansa, aka juya ta a gefe, aka tura ta ɗakin farfaɗowa. Na fito ƙafafuna na rawa, amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin. Ɗibar jinin da aka yi mata ranar farko ta fi wannan daɗewa.

A makon na shiga ɗakin karatu na jami'a na bi asalin maganin. Lantarkin hanya ce kawai, jijjigar ake nema. Wani likita ɗan Hangari, Ladislas Meduna, shi ya fara tayar wa marasa lafiya jijjiga da gangan a 1934, da allurar kafur, bisa zaton cewa farfaɗiya da wani nau'in taɓin hankali ba sa zama a jiki ɗaya. Zaton bai tabbata ba, amma wasu da suka daɗe a sanƙare sun tashi. Allurar tana jefa mutum cikin firgici kafin ta yi aiki, don haka Ugo Cerletti da Lucio Bini a birnin Rum suka nemi wata hanya. Cerletti ya ga yadda ake sumar da aladu da lantarki a mayanka ba tare da wutar ta kashe su ba, kuma a watan Afrilun 1938 suka gwada a kan wani mutum da aka tsinta a tashar jirgin ƙasa yana sambatu. A shekarun farko ido biyu ake yi, jijjigar kan karya ƙashin baya ko ta goce muƙamuƙi. A farkon shekarun 1950 aka fara amfani da allurar sakin tsoka mai saurin gushewa tare da ta barci. An kuma yi ɓarna da shi a gidajen mahaukata na Turai da Amurka, inda aka mayar da shi abin ladabtar da masu taurin kai. Mummunan sunan da yake da shi ba ƙage aka yi masa ba, da hannun likitoci aka gina shi.

Zama na farko da na biyu ba mu ga komai ba sai barci da ciwon kai da take nunawa da yamutsa fuska. Surukar ta fara cewa an ƙona mata kai a banza. Bayan haka wata rana da hantsi na kai mata kofin shayi bakinta kamar yadda na saba, ba don ina sa ran za ta sha ba. Ta kurɓa. Ta ƙara kurɓa. Sai ta ture kofin ta ce, da wata murya a dushe: "Wa ya haɗa wannan? Ba sukari." Na ajiye kofin na fita baranda na yi kuka mai isata, sannan na kira Gwaggo a waya. Ba ta yarda ba sai da na kara wa Yaya wayar a kunne ta ce: "Inna, yunwa nake ji."

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Ci ya dawo kafin barci, barci ya dawo kafin fara'a. Yaron ne ya zo a ƙarshe. Da aka kawo shi ta ƙi karɓa, ta ce tana tsoron kada ta cutar da shi, aka yi ta kawo shi ana zama kusa da ita har ranar da ta miƙa hannu da kanta. Da hankalinta ya dawo, likitan ya zauna ya yi mata bayanin abin da ake yi mata, ya tambaye ta ko a ci gaba. Ta ce a ƙarasa. Na ga darajarsa a wannan, domin sa hannun miji na ranar da ba ta iya magana ne, bai kamata ya wuce ranar ba. Gorar rubutun halifa kuma tana kan durowa har aka sallame mu, ba wanda ya ce a ɗauke.

Sai maganar mantuwa, wadda ita ce farashin. Ranar 9 ga Yuli, 2011, Sudan ta Kudu ta ɓalle, muna asibiti, nas-nas sun taru a gaban talabijin ana nuna bikin Juba. Yaya tana da wata ƙawa 'yar Kudu a layinsu, tare suka tashi, wadda ta zo har gadon asibiti ta yi mata sallama kafin danginta su kama hanya. Sun rungume juna, sun yi kuka, ina wurin. Bayan an sallame ta, ana gab da azumi, Yaya ta yafa laffaya ta ce bari ta leƙa gidan ƙawar tata ta nuna mata yaro. Muka dubi juna. Ba ta tuna sallamar ba. Ba ta ma san an raba ƙasar ba, sai da Kawu ya zaunar da ita ya gaya mata, ta yi ta maimaita "Yaushe?" Ranar sunan ɗanta ma ta ɓace mata. Ta kalli hotuna ta ga kanta da lalle a hannu, ta ce kamar wata take kallo. Wasu abubuwan sun dawo a hankali cikin watanni, kamar lambobin waya da inda ta ajiye kaya. Sunan da sallamar ba su dawo ba har yau. Wani ɓangaren ciwon ne ya cinye shi, wani kuma maganin, kuma ita ba ta damu da rarrabewa ba. Likitoci na yawan cewa mantuwar ta ɗan lokaci ce. Ga mutane da yawa haka ne, amma ba ga kowa ba, kuma ya kamata a riƙa faɗa wa iyalai haka ƙarara. Akwai hanyar rage ta, kamar ɗora ƙarafan a gefen dama kaɗai ko tazarar da zaman, kuma dangi na da ikon tambaya.

Na taɓa tambayarta ko ta yi da-na-sani. Ta ce: "Ƙanwata, ranar suna ɗaya na rasa. In ba a yi ba, yaron uwa zai rasa." Ba ta ƙara ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Lantarkin na fitar da mutum daga rami ne, ba ya hana shi komawa. In an tsaya a nan ba a ci gaba da ƙwayoyi ba, da yawa ciwon kan dawo musu cikin watanni. Yaya ta daɗe tana shan magani, kuma da ta sami ciki na biyu likitan ya bi ta tun kafin haihuwa, aka tsara wanda zai riƙa karɓar jariri da dare don ta sami barci. Ta yi jegon lafiya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya rufe yawancin asibitocin Khartum, ya watsa likitocinsu. Su Gwaggo sun bar Umbadda zuwa wurin dangi a Gadarif, kuma abin da Yaya ta fi roƙo a aika mata a lokacin shi ne ƙwayoyinta.

Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina yin wannan magani ba tare da allurar barci da ta sakin tsoka ba, kuma kada a yi shi sai da yardar mai shi. Duk da haka an ci gaba da yin sa ido biyu a wurare da dama na Afirka da Asiya, har da Najeriya, galibi don ƙarancin likitoci masu sa barci. Najeriya ta yi ta aiki da dokar mahaukata ta 1958 har zuwa Janairun 2023 da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Muna da asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau, amma muna da gidajen mari da suka fi su yawa, kuma ba kowane malami ne zai yi abin da halifan nan ya yi ba.

Don haka, mai karatu, in mai jego a gidanku ta daina barci, ta fara maganar zunubi da mutuwa, ko ta bar ci da sha, kada ku jira arba'in, ku kai ta asibiti a ranar, ku tafi da rubutunku in kuna so. In likita ya ambaci lantarki, ku tambaye shi ko akwai mai sa barci da iskar numfashi a ɗakin, ku kuma tambaye shi abin da za ta iya mantawa. In babu mai sa barci, ku nemi a tura ku inda yake. In akwai, kuma ranta na cikin haɗari, ku sa hannu.